Yadda Baitin Waƙa Ya Zama Shaida a Ƙamus

Tun zamanin da, in malamin Larabci ya ce ma'anar kalma kaza ita ce kaza, akan tambaye shi wa ya faɗa. Shi kuwa sai ya jawo baiti daga waƙar wani mawaƙin Jahiliyya, kamar Imru'ul Ƙaisi ko Zuhairu, inda kalmar ta fito da wannan ma'ana. Irin wannan baiti shi ake kira shahidi, watau mai ba da shaida, kamar na gaban alƙali. Halilu ɗan Ahmadu mutumin Basra, wanda ake jingina wa ƙamus na fari na Larabci, Kitabul Aini, haka ya riƙa kafa hujja da baitoci. Ya rasu wajen shekarar 790 ta Miladiyya.

Amma ba kowane mawaƙi ake karɓar shaidarsa ba. Da Musulunci ya yaɗu, Larabawa suka cuɗanya da Farisawa da sauran kabilu a birane, sai malamai suka ji tsoron kada harshe ya gurɓace, suka ja iyaka. Malam Asma'i ya tsai da iyakar a kan Ibrahimu ɗan Harma, wanda ya rasu wajen 792. Duk wanda ya zo bayansa, ko da ya kai Mutanabbi gwaninta, ana jin daɗin waƙarsa, amma ba a kafa hujjar lugga da ita.

To, sai dai shaidar ma takan yi ƙarya. Waƙoƙin Jahiliyya da ka aka riƙe su, aka daɗe ba a zuba su a takarda ba, sarakuna kuwa suna ba masu haddarsu kyauta mai tsoka. Mutum biyu da suka yi fice wajen haddar, Hammadu na Kufa da Halaful Ahmar na Basra, dukansu an tuhume su da ƙaga baiti su liƙa wa mutanen da. Ibnu Sallam, wanda ya rasu wajen 846, ya rubuta cewa waɗansu kabilu da suka ga waƙoƙin kakanninsu ba su da yawa, sai suka yi musu ƙari. Ko littafin nahawu na Sibawaihi bai tsira ba. An ruwaito Malam Jarmi ya ƙidaya baiti 1,050 a cikinsa, ya gane masu 1,000, saura 50 ba a san mai su ba. A 1926 Ɗaha Husaini na Masar ya fid da littafi yana cewa yawancin waƙoƙin nan bayan Musulunci aka shirya su. Ƙura ta tashi har aka janye littafin, ya sake fid da shi a 1927 da wani suna, bayan ya cire waɗansu wurare. Masana da yawa sun ga ya wuce gona da iri.

Su ma masu ƙamus ba su zama baki ɗaya ba. Ibnu Manzur ya gama Lisanul Arab a 1290, ya cika shi maƙil da baitoci. Fairuzabadi, wanda ya rasu a 1415, ya so littafi mai sauƙin ɗauka da hadda, sai ya zubar da su. Abin mamaki, littafin nan nasa marar shaidu, Alƙamusul Muhiɗ, watau teku mai kewaye, shi ya bar wa Larabci da Hausa kalmar ƙamus. Daga baya Zabidi ya yi masa sharhi, Tajul Arus, ya komo da baitocin.

Da aka buɗe Wiktionary a intanet cikin Disamba 2002, ƙamus wanda kowa ke iya sa hannu, tsohuwar tambayar ta dawo, domin mai rubutun ba a san shi ba balle a dogara da maluntarsa. Sashen Turanci ya kafa sharaɗi: kalma ta babban harshe tana bukatar shaidu 3 daga mutane dabam dabam, tsakaninsu aƙalla shekara guda, amma harshen da ya mutu shaida ɗaya ta isa. Ƙamus na tarihin Larabci na Doha kuwa, wanda aka buɗe a 2018, malamai ne ke aikinsa, kowace ma'ana suna sa mata shaida da sunan mai ita da shekara.

Mai neman yi wa kalmar Hausa irin wannan aiki yana da gata ɗaya, domin mawaƙan ajami sukan sa ramzi a ƙarshen waƙa, haruffan da ke nuna shekarar Hijira. Duk da haka ramzi shekarar waƙa yake faɗi, bai faɗi abin da masu juya ta suka sake ba. Ga kuma waƙa irin Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fillanci, 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka mai da ita Hausa da tahamisi. Wanda ya ɗauko kalmar Hausa daga cikinta ya rubuta sunan Shehu a gefe, ya jingina maganar ga wanda bai furta ta ba.