TARIHIN NA'URORIN BUGUN ISKA NA MATA DA ILMIN DA YA HAIFE SU

Gabatarwa

A cikin shekarar 2014 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Jamus ya fitar da wata na'ura wadda girmanta bai wuce cikin tafin hannu ba, an yi ta domin jin daɗin mata. Ba ta shiga cikin jiki, iska kurum take bugawa a kan ɗan tsaka, watau ƙaramar gaɓar nan da ke can sama da bakin farji. Kafin shekara goma ta cika, ire-irenta sun cika kantunan Turai da Amurka, ana ce musu na'urorin tsotso. Wanda ya dube ta zai zaci dabara ce ta jiya-jiya. Amma lantarki da roba sun daɗe a hannun mutane. Abin da ya yi jinkiri shi ne sanin gaɓar da aka yi na'urar dominta, da kuma yarda a faɗi amfaninta a fili. Wannan maƙala za ta bi sawun ilmin nan daga farkonsa, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, sa'an nan ta nuna abin da tarihin ke koya wa mai zaɓe.

Gaɓar da aka sani, aka manta

Likitocin Yunanawa sun san ɗan tsaka. Rufus, mutumin Afisa, wanda ya yi zamani wajen ƙarshen ƙarni na 1 da farkon na 2, ya ambaci sunansa a cikin littafinsa na sunayen gaɓoɓin jiki. Duk da haka, a 1559 wani malamin fiɗa na Italiya, Realdo Colombo, ya rubuta cewa shi ne ya gano gaɓar, ya kuma ce ita ce mazaunin jin daɗin mace. Bayan shekara 2 Gabriele Falloppio ya fito da nasa littafi, ya ce shi ya riga kowa. Andreas Vesalius kuwa, wanda a zamanin babu kamarsa a wannan fanni, bai yarda ma cewa gaɓa ce da ake samu ga kowace mace lafiyayya ba. Manyan malamai ke nan suna jayayya a kan abin da kowace unguwarzoma ta sani.

A 1672 Regnier de Graaf na ƙasar Holan ya bayyana cewa yawancin gaɓar a ɓoye take a cikin jiki. A 1844 wani Bajamushe, Georg Ludwig Kobelt, ya zana ta da sassanta na ciki, zane mai kyau ƙwarai. Sai dai ilmin bai shiga littattafan da ake koyar da ɗalibai yadda ya kamata ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. A Landan wani likitan fiɗa, Isaac Baker Brown, ya riƙa yanke wa mata ɗan tsaka da sunan maganin farfaɗiya da taɓin hankali, har ya buga littafi a kan haka a 1866. A 1867 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Landan ta kore shi. A 1905 kuma Sigmund Freud ya koyar da cewa jin daɗi ta ɗan tsaka na ƙuruciya ne, wai cikakkiyar mace sai ta mai da shi cikin farji. Wannan magana ba ta da hujja ta fiɗa, amma ta sa mata masu yawa sun ɗauki kansu marasa lafiya har tsawon shekara hamsin.

Binciken Alfred Kinsey na 1953, da na William Masters da Virginia Johnson na 1966, su suka rushe wannan koyarwa. Masters da Johnson sun auna abin da ke faruwa a jiki, suka ga inzalin mace iri ɗaya ne ko ta wace hanya ya zo, ɗan tsaka kuwa yana tsakiyar al'amarin. A 1998 Helen O'Connell, likitar mafitsara a birnin Melbon na Ostireliya, ta fiɗe gawarwaki ta nuna cewa abin da ido ke gani kai ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai jiki da ƙafafu biyu da ƙululai biyu masu cika da jini. A 2022 masu bincike a jihar Oregon ta Amurka suka ƙidaya zaren jijiyoyin ji da ke zuwa gaɓar, suka sami fiye da 10,000. Tsakanin Colombo da wannan ƙidaya akwai shekara 463.

Na'urar girgiza da labarin da aka ƙaga mata

Kakar na'urorin nan duka ita ce na'urar girgiza. Wani likitan Ingila, Joseph Mortimer Granville, ya ƙera mai aiki da lantarki, ya bayyana ta a littafinsa na 1883. Nufinsa maganin ciwon jijiya, ya kuma faɗa cewa ba ya amfani da ita a kan mata.

A nan wajibi ne malamai su lura da wani labari da ya bazu. A 1999 Rachel Maines ta buga littafi inda ta ce likitocin ƙarni na 19 sun saba yi wa mata tausa har su kai ga inzali, wai domin maganin wata cuta da ake jingina wa mahaifa, da hannuwansu suka gaji sai suka ƙago na'ura. Labarin ya yi daɗi a baki, har aka yi fim da shi a 2011. Amma a 2018 Hallie Lieberman da Eric Schatzberg suka koma ga littattafan da ta kafa hujja da su, ba su sami shaidar cewa likitoci sun yi haka da na'ura ba. Wannan ishara ce ga mai koyar da tarihi: daɗin labari ba ya zama shaida, kuma yawan maimaitawa ba ya mai da zato gaskiya.

Abin da ya tabbata shi ne, a farkon ƙarni na 20 an sayar da na'urorin girgiza a matsayin kayan gida, na ciwon baya da ciwon kai da gyaran fata. Littafin tallan kamfanin Sears na 1918 yana ɗauke da irinsu. Akwai dalilin wannan sakaya magana, domin tun 1873 dokar Comstock ta hana aika abin da aka ɗauka batsa ne ta gidan waya a Amurka. Sai masu sayarwa suka koyi faɗin wani abu suna nufin wani.

Daga ɓoye zuwa kanti

A 1962 Beate Uhse ta buɗe kanti a garin Flensburg na Jamus, ta kira shi kantin tsabtar aure, shi ake ɗauka na farko a irinsa. A 1968 kamfanin Hitachi na Jafan ya fitar da Magic Wand domin tausar tsoka, amma Betty Dodson, wadda ke koyar da mata sanin jikinsu a birnin Niyok, ta mai da shi abin koyarwarta. Dell Williams ta buɗe Eve's Garden a 1974, Joani Blank kuma ta buɗe Good Vibrations a San Faransisko a 1977. Waɗannan kantuna mata ne suka kafa su, mai saye na iya tambaya a ba ta amsa ba tare da an kunyata ta ba.

Doka ba ta sakar musu mara nan da nan ba. Jihar Alabama ta hana sayar da irin kayan nan a 1998, ta Teksas kuwa sai a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke tata dokar. Amma al'ada ta riga doka. Binciken Jami'ar Indiyana na 2009 ya nuna fiye da rabin matan Amurka masu shekara 18 zuwa 60 sun taɓa amfani da na'urar girgiza. Wani bincike na wannan jami'a da aka buga a 2017, a kan mata 1,055, ya sami kusan 18 cikin 100 ne kaɗai suka ce saduwa ita kaɗai tana kai su ga inzali, kusan 37 cikin 100 kuwa suka ce sai an taɓa ɗan tsaka. Ashe abin da Freud ya kira naƙasa shi ne halin mata masu yawa.

Ƙaho da zuga-zugi

Na'urori iri biyu ne ake haɗa su da sunan tsotso, alhali aikinsu ya bambanta. Ta farko ita ce Eros, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2000, aka kuma riƙa ba da ita da takardar likita ga matan da ke fama da raunin sha'awa ta jiki. Ɗan kofi ne da ƙaramin famfo, yana zuƙe iska domin jini ya taru a gaɓar. Aikinta kamar na ƙahon wanzami ne, sai dai babu tsaga.

Ta biyu ita ce ta 2014, mai suna Womanizer, wadda Michael Lenke, wani mai ƙere-ƙere a garin Metten na jihar Baberiya, ya ƙago. Ya fara gwaji da famfon da ake sa wa tankin kifi, matarsa ce kuma ta riƙa gwada samfuran tana gaya masa inda suka kasa. A cikin na'urar akwai ɗan ɗaki da tantani mai motsi, wanda inji ke turawa yana jawowa da sauri, sai iska ta riƙa matsawa tana sakewa ta wani bakin roba mai taushi da ake kifawa a kan gaɓar. Wannan ya fi kama da zuga-zugin maƙeri. Saboda haka sunan tsotso bai dace da ita sosai ba, bugun iska ya fi daidai. Hikimarta ita ce, tun da kan ɗan tsaka cike yake da jijiyoyi, guga kai tsaye takan yi wa wasu mata zafi ko ta sa wurin ya dushe na ɗan lokaci, iska kuwa tana motsa shi ba tare da guga ba.

Da kasuwa ta buɗe, masu koyi suka biyo baya. Satisfyer, na wani kamfani a birnin Bielefeld, ya fito a 2016 da farashi mai sauƙi, LELO na Suwidin kuma ya fitar da Sona a 2017. A 2018 masu Womanizer suka haɗe da masu We-Vibe na Kanada, a 2021 kuma suka haɗe da Lovehoney na Ingila.

Abin da tarihi ke koya wa mai zaɓe

Da yake an daɗe ana sayar da kayan nan a ɓoye, an daɗe babu mai sa ido a kan abin da ake yin su da shi. Sai a 2021 hukumar ƙa'idodin kaya ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 3533, bisa shawarar da ta taso daga Suwidin, wadda ta tanadi sharuɗɗan ƙira da lafiyar kayan da ke taɓa al'aura. Bin ta ba tilas ba ne, saboda haka nauyin dubawa yana kan mai saye.

Abu na farko shi ne bakin na'urar. Ya kamata ya zama na silikon, wanda ba shi da ƙananan ramukan da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, a kuma iya cire shi a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi. Roba mai laushi mai wari, wadda ba a faɗi abin da ke cikinta ba, abar gudu ce, araha kuwa ba ta ado. Na biyu, faɗin bakin. Aikin O'Connell da na waɗanda suka biyo ta ya nuna ƙirar mata ta bambanta, bakin da ya yi wa wata daidai zai matse wata, wanda kuma bai zauna sosai ba iska za ta tsere. Shi ya sa wasu kamfanoni ke sa baki biyu a kwali ɗaya. Na uku, matakan ƙarfi. Yawansu ba shi ne abin dubawa ba, sai dai taushin matakin farko, domin daga ƙasa ake farawa, in an ji zafi ko dushewa a dakata. Na huɗu, man santsi mai tushen ruwa shi ya dace da silikon, yana kuma taimakon bakin ya zauna. Na biyar, alamar IPX7 tana nufin na'ura za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30, wadda ba ta da irin wannan alama kada a tsoma ta.

Akwai kuma batun sirri. Wasu na'urori ana sarrafa su da wayar hannu. A 2017 kamfanin da ke yin We-Vibe ya yarda ya biya kimanin dala miliyan 3.75 domin sasanta ƙarar da aka kai shi a Amurka, bisa zargin tattara bayanan yadda mutane ke amfani da na'urar ba da izninsu ba. Mai son asirinta a rufe sai ta duba abin da manhajar ke aikawa, ko ta zaɓi marar manhaja. Wadda ke da rauni ko ƙaiƙayi a wurin, ko ta haihu ko aka yi mata aiki kwanan nan, sai ta nemi shawarar likita tukuna.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa na'urar 2014 'yar ilmin fiɗa ce kafin ta zama 'yar lantarki. Kobelt ya zana gaɓar tun 1844, amma sai da aka yi shekara 154 kafin O'Connell ta sake jawo hankalin likitoci gare ta. A tsakanin nan an yanke wasu mata da sunan magani, an kuma gaya wa wasu cewa halittarsu ce ta gaza. Mai koyar da ilmin jiki a kwalejin horon malamai, in ya tsallake wannan gaɓa don kunya, ya sake buɗe ƙofar da Baker Brown da Freud suka shiga.