Rabin Albashi a Hannun Mutum Huɗu: Nazarin Gardamar Magoya Bayan Toronto Maple Leafs, 2018 zuwa 2025

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin gardamar da magoya bayan Toronto Maple Leafs suka shafe shekaru suna yi a kan 'yan gaba huɗu da suka riƙa karɓar kusan rabin albashin ƙungiyar. Ta gano cewa zargin da aka fi yayatawa, wato an ƙi kashe wa 'yan baya kuɗi, bai dace da sakamakon wasannin raba gardama ba, kuma giɓin da tsadar mutanen huɗu ta haifar yana cikin sauran 'yan gaba ne.

Gabatarwa

Hokin ƙanƙara wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa da takalma masu kaifi, inda mutum shida daga kowane ɓangare, har da mai tsaron raga, ke kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna, kuma wannan faifan ne za a kira ƙwallo a nan. Babbar gasar wasan ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka. Bayan wasannin kaka, waɗanda 82 ne a cikakkiyar kaka a shekarun da ake magana a kansu, ƙungiyoyi 16 ne ke shiga wasannin fitar da gwani, masu zagaye huɗu, kuma a kowane zagaye wadda ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ita ke wucewa. Toronto ta ɗauki kofin gasar, wato Kofin Stanley, sau 13, amma rabonta da shi tun 1967, saboda haka duk wata magana a kan jerin 'yan wasanta takan ɗauki zafin da ba a gani a wasu biranen.

Tun 2005, bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kaka guda sukutum, gasar ta sa iyakar albashi, wato adadin da jimillar albashin ƙungiya ba zai wuce ba komai arzikinta. Tsakanin Yulin 2018 da Satumbar 2019, babban manaja Kyle Dubas ya ƙulla kwantiragi huɗu: John Tavares a kan dala miliyan 11 a shekara, William Nylander kusan miliyan 7, Auston Matthews miliyan 11.6, sai Mitch Marner miliyan 10.9. Jimilla ta kai kimanin miliyan 40.5 a lokacin da iyakar take miliyan 81.5.

Ɓangarorin gardamar

Ɓangare na farko na cewa mutanen huɗu ba su da zuciya, sukan yi sanyi idan wasa ya yi tsanani. Wannan hukunci ne a kan halin mutum, ba shi da ma'auni, don haka maƙalar ba za ta tsaya a kansa ba. Na biyu na cewa rashin sa'a ne kawai, domin wasa ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba. Za a koma ga wannan a ƙarshe.

Ɓangare na uku shi ne wanda ya fi kama da hankali, kuma shi ya fi yaɗuwa a bakin magoya baya da masu sharhi, don haka da shi maƙalar ke ja. Hujjarsu ita ce kofi ba ya zuwa sai da ƙaƙƙarfan baya da gwanin mai tsaron raga, kuma ƙungiyar da ta zuba rabin kuɗinta a kan masu cin ƙwallo dole ta bar bayanta a buɗe. Sukan kafa misali da Tampa Bay Lightning, wadda ta ɗauki kofi a 2020 da 2021 da Victor Hedman a baya da Andrei Vasilevskiy a raga, da kuma Florida Panthers ta 2024 da 2025, wadda a lokacin take biyan mai tsaron ragarta Sergei Bobrovsky miliyan 10. Daga nan ne kiran da aka riƙa maimaitawa kowace bazara ya fito: a sayar da Nylander ko Marner a kawo babban ɗan baya. Abin da ya sa wannan magana ta samu karɓuwa shi ne ta dace da abin da ido ke gani, domin kuskuren ɗan baya yana ƙarewa cikin raga kowa na kallo, alhali ƙwallon da ɗan gaba bai ci ba ba ta barin wata alama. Amma idan har gaskiya ce, ya kamata a ga Toronto tana faɗuwa a manyan wasanni da ci irin 5 da 4, tana zurawa ana zura mata fiye da haka.

Hanyar bincike

An ɗauki duk wasan da Toronto ta buga daga 2018 zuwa 2025 wanda mai nasara zai wuce, wanda aka doke kuma ya koma gida. Bakwai ne. A kowanne an duba ƙwallayen da aka ci, da wanda ya ci, da ko akwai mai tsaro a raga lokacin, sannan aka gwama da rabon albashi.

Abin da aka gano

Toronto ta sha kashi a duka bakwai ɗin: Boston ta doke ta 7 da 4 a 2018 da 5 da 1 a 2019, Columbus 3 da 0 a 2020 (a zagayen share fage mai wasa biyar da annobar korona ta haifar), Montreal 3 da 1 a 2021, Tampa Bay 2 da 1 a 2022, Boston 2 da 1 a 2024, sai Florida 6 da 1 a 2025. Ke nan a wasanni shida na bayan zuwan Tavares, ƙungiyar da aka gina domin cin ƙwallo ta ci biyar kacal, kuma ba ta taɓa wuce ɗaya a wasa ba.

Lissafin ƙwallayen da aka zura mata ma yana buƙatar gyara. Al'ada ce a hoki idan ana bin ƙungiya ci a mintunan ƙarshe, koci ya janye mai tsaron raga ya sa ƙarin ɗan gaba, kuma sau da yawa abokan hamayya kan jefa ƙwallo cikin ragar da ba kowa. Biyu daga cikin biyar ɗin Boston a 2019 irin wannan ne, haka ta ukun Columbus da ta ukun Montreal. Idan aka cire su, abin da aka ci Toronto da mai tsaro a raga shi ne uku a 2019, sannan bibbiyu a 2020, 2021, 2022 da 2024. Bayan da ya riƙe abokan hamayya a ƙwallo biyu sau huɗu a jere ya yi aikinsa, kuma masu ɗora masa laifi sun bar jaki suna dukan taiki. Cikin shidan, wasan 2025 ne kaɗai ya goyi bayansu, ranar da magoya baya suka riƙa jefa rigunan ƙungiyar cikin fili, amma ko a ranar ƙwallo ɗaya aka ci.

Wasan 2024 ya nuna al'amarin ƙarara. An shiga zubi na uku kuma na ƙarshe ba ci, Matthews ya miƙa wa Nylander ya zura, cikin ƙasa da minti biyu Hampus Lindholm na Boston ya farke. A ƙarin lokaci Lindholm ya buga faifan ya daki bangon bayan raga ya dawo, abokin wasansa David Pastrnak ya riga kowa isa gare shi ya wuce mai tsaron ragar Toronto Ilya Samsonov ya zura, minti ɗaya da daƙiƙa 54 da komawa. An yi makonni ana jayayya a kan ɗan bayan da ya bar Pastrnak ya wuce, aka manta cewa da an ci ƙwallo ta biyu cikin minti 60 da ba a kai ga wannan ba.

Su wa suka ci biyar ɗin? Tavares ɗaya, Nylander biyu, ɗan baya Morgan Rielly ɗaya, sai Max Domi ɗaya. Matthews, wanda ya ci 60 a kakar 2021 zuwa 2022 da 69 a ta 2023 zuwa 2024, bai ci ko ɗaya ba, haka Marner, kuma babu wani lissafin albashi da zai wanke su daga wannan. Sai dai abin da ya fi muhimmanci ga tambayar maƙalar shi ne sauran 'yan gaba. Ƙungiya kan fito da 12 a sahu huɗu na mutum uku-uku masu karɓar juna, kuma a wasanni shida duk waɗanda ba sa cikin huɗun nan ƙwallo ɗaya suka haɗa, ta Domi. A 2018 kuwa, kafin manyan kwantiragin su fara aiki, Patrick Marleau ya ci biyu, Kasperi Kapanen ɗaya, ɗan baya Travis Dermott ɗaya. An sallama Marleau ga Carolina a 2019, har da ƙara mata damar zaɓen matashin ɗan wasa a zagayen farko domin ta ɗauke nauyin albashinsa, kuma da wannan damar ta ɗauki Seth Jarvis. Kapanen ya tafi Pittsburgh a 2020. Zach Hyman ya koma Edmonton a 2021 a kan miliyan 5.5, inda ya ci 54 a kakar 2023 zuwa 2024 da 16 a wasannin fitar da gwani na shekarar.

Rabon kuɗin ya bayyana dalili. A kakar 2020 zuwa 2021, 'yan baya uku, Rielly da Jake Muzzin da T. J. Brodie, sun ci kimanin miliyan 15.6, mai tsaron raga Frederik Andersen kuma miliyan 5. Mutum takwas ke nan suka kwashe sama da miliyan 61, ragowar kimanin 20 kuma aka raba wa mutum goma sha biyu ko fiye. Shugabannin ƙungiyar sun saurari masu kukan baya, sun kai ragowar kuɗin can, sahu na uku da na huɗu kuma aka cika su da dattawan wasa irin su Jason Spezza da Joe Thornton a kan mafi ƙarancin albashi. A kaka, inda abokan hamayya ke canjawa kullum, wannan ba ya nunawa. A zagayen da ake haɗuwa da ƙungiya ɗaya har sau bakwai kuwa, koci na da lokacin da zai ware gwanayen 'yan bayansa su manne wa sahu biyu na farko, yana sane cewa sauran ba za su cutar da shi ba. Annobar korona ta ƙara dagula lissafin, domin an ƙulla kwantiragin ne da zaton iyakar za ta riƙa hawa, sai ta tsaya a miliyan 81.5 har kaka uku. Da ta kai miliyan 88 a kakar 2024 zuwa 2025, sababbin kwantiragin Matthews, miliyan 13.25, da Nylander, miliyan 11.5, sun riga sun kai rabon huɗun kimanin kashi 53 cikin ɗari.

A bazarar 2025 Marner ya koma Vegas a kan miliyan 12 a shekara, aka samu Nicolas Roy a madadinsa, Tavares kuma ya amince da kimanin miliyan 4.4. Bisa wannan bincike, tafiyar mutumin da ya samar da maki 102, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci, ba gyara ba ce a karan kanta. Amfaninta ya dogara ga kai kuɗin da aka kuɓutar ga 'yan gaba masu iya cin ƙwallo a sahun ƙasa.

Iyakokin binciken

Dole a yarda wa masu cewa sa'a ce da wani abu: wasa bakwai kaɗan ne, Tavares bai buga na 2021 ba saboda raunin da ya ji a wasan farko, alƙalin wasa ya soke masa ƙwallo a 2022, kuma masu tsaron ragar da aka fuskanta sun haɗa da Carey Price da Vasilevskiy da Bobrovsky. Binciken bai auna yawan hare-hare ko ingancinsu ba, kuma ya bar zagaye biyun da Toronto ta ci, a kan Tampa Bay a 2023 da Ottawa a 2025, da wanda Florida ta fitar da ita a wasa biyar a 2023, domin ba su kai wasan raba gardama ba. Waɗannan na iya rage ƙarfin bayanin da aka bayar a kan sahun ƙasa. Ba su taɓa ƙididdigar ƙwallayen da aka zura wa Toronto ba, wadda a kanta hujjar masu zargin baya ta rushe.