Alhaji Umaru Salaga: Malamin da Ya Adana Tarihin Zango a Cikin Waƙa

Jama'a, in ana zancen mawaƙan Hausa na ƙasar Gwanja, sunan da ke fara zuwa baki shi ne na Alhaji Umaru ɗan Abubakar. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne. Mahaifinsa malami ne, kuma falke mai fataucin goro. Tun yana saurayi Umaru ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, wanda magatakarda suka daɗe suna amfana da shi.

Bayan ya zaga neman ilimi a Sakkwato da Gwandu da Argungu, sai ya bi hanyar ayari zuwa Salaga, kasuwar da Hausawa ke kai kanwa da tufafi su sayo goron Asante. Amma ya iske garin cikin mawuyacin hali. Tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ciniki ya fara ja da baya. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe, gari ya watse. Fatake da malamai suka ƙaura, wasu Yendi, wasu Kete-Krachi, inda shi ma ya sauka har ya zama limami.

Sannan ga Nasara. A ƙarshen 1896 Jamus suka karya rundunar Dagomba a Adibo, suka ƙone Yendi. Alhaji Umaru bai ɗauki takobi ba, alƙalami ya ɗauka. Ya tsara waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami a kan zuwan Turawa, yana lissafa garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi waƙa a kan rushewar Salaga, ya yi a kan talauci da wadata, ya yi a kan annobar mura ta 1918. Ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da al'adunta. Ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Abin lura a nan shi ne, Bature ya rubuta yadda ya ci ƙasa, amma yadda abin ya yi wa talaka da falke ciwo, a baitocin wannan malami muke samunsa. Da bai rubuta ba, da sai mu ji labarinmu daga bakin wani.

Almajiransa sun yi ta kwafar waƙoƙinsa da hannu suna yaɗawa a zanguna. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa na Salaga da Yendi da Bawku, ku buɗe gafakar kakanninku ku duba kafin gara ta riga mu. Wanda ya samu takarda, ya kai wa mai karanta ajami.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa.