Ziyarar 1956 da Zumuntar Ƙaramin Kuɗi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gaba ba ta gushe ba daga zukatan al'ummomin Asiya. A shekara ta 1956, matan ikilisiyar Firesbiteriya ta Amurka suka shirya wata tawaga domin ziyartar ƴan'uwansu mata na yankin da neman sulhu, gama zumunta a ƙafa take. Cikin tawagar akwai Shanti Solomon, ƴar Indiya, wadda aka hana wa bizar shiga Koriya ta Kudu, ta dakata a Manila ta ƙasar Filifin.

A wannan zaman jira ne ta yi tunanin abin da zai haɗa matan da iyakoki suka raba: duk lokacin da mace ta yi addu'ar neman salama, ta ajiye tsabar kuɗi mafi ƙanƙanta ta ƙasarta. Ta haka matalauciya da mawadaciya suke bayarwa daidai wa daida, babu mai yi wa wata gori.

A 1958, taron matan ikilisiyoyin Asiya a Hong Kong ya rungumi shirin. Daga nan ya bazu zuwa sauran nahiyoyi, kuɗin da ake tarawa kuwa yana tallafa wa ayyukan mata da yara.