Kangon da ke Gefen Gona: Baƙo da Ƙasa a Tarihin Asante

Gidaje da dama a Ayigya Zango suna da gonar gado a ƙauyukan wajen Offinso, Ejura ko Tepa. Sau da yawa a gefen gonar akwai kango: kwanon rufi ya yi tsatsa, bango ya tsage, ciyawa ta cinye tsakar gida. Matasanmu da tsadar haya ta ishe su a Kumasi sukan yi sha'awar sayen irin wannan gida su gyara, su zauna kusa da amfaninsu. Niyya ce mai kyau. Sai dai kafin a ƙirga kuɗi, ya kamata a san yadda aka yi gidan ya zama kango, domin tarihinsa ne zai nuna mai shi.

Goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Shekaru aru-aru fatake daga Kano da Katsina suna tsayawa a Salaga, can Gwanja, ba su cika kutsowa cikin kurmi ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su. Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903. Daga nan zango ya bunƙasa, masu sayen goro suka riƙa shiga ƙauyuka da ƙafarsu. Da noman koko ya yaɗu, Moshi da Zabarmawa da Kotokoli da Gurunshi suka kwararo ƙwadago, wasu Hausawa ma suka kama gona.

Sharaɗin zaman a bayyane yake. A wurin Asante ƙasa ta kujerar sarauta ce da dangi, amanar magabata ce da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Baƙo yakan je gaban odikro, wato mai gari, ya miƙa kuɗin gaisuwa, a nuna masa wuri. Yakan yi noma bisa tsarin abusa, inda ake kasa amfani uku mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya, ko abunu, inda ake raba biyu. Idan ya gina gida, ginin nasa ne, amma ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan ga masu ita. A al'ada, izinin baƙo yana tafiya ne da tsayuwar gini: in ya rushe aka yi watsi da shi, wuri ya koma hannun wanda ya bayar.

Babbar guguwar da ta bar kangaye ta taso ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubban mutane suka kama hanyar Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, ciki har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Wasu suka karyar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka bar makulli amana a hannun maƙwabci, da fatan dawowa. Sai kuma fari da gobarar daji na 1983 suka ƙone gonakin koko masu yawa, mutanen ƙauye suka yo birni.

Saboda haka kango ɗaya yana iya samun masu da'awa uku. Akwai magadan wanda ya gina, mai yiwuwa suna Kano ko Yamai. Akwai dangin da suka ba da wurin, waɗanda gadonsu ta ɗakin uwa yake bi, ko da yake dokar gado ta 1985 ta ba mata da 'ya'yan mamaci kaso. Akwai kuma kujerar sarauta. Wanda ya riƙe makulli shekara hamsin ba lalle ne yana da ikon sayarwa ba.

Dokar zamani ma ta bi sawun al'ada. Sashe na 267 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa kowa ƙasar kujera har abada, sashe na 266 kuma ya taƙaita wa wanda ba ɗan ƙasa ba hayar shekara 50. Dokar filaye ta 2020 ta tanadi ofisoshin filaye na gargajiya domin a riƙa rubuta ciniki. Abin da ake saye, ke nan, haya ce mai wa'adi.

Mai son kango ya fara da dattawan ƙauye, ya ji wa ya gina, wa ya ba da wuri, yaushe aka tashi. Ya ga shugaban dangi da mai gari, ya sa a auna fili, ya bincika a Hukumar Filaye, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. In akwai magada a wata ƙasa, a neme su, domin daɗewa ba ta halatta amanar da aka bari a 1969.

Magabata sun ce baƙo raɓa ne. Mu da aka haifa a nan ba raɓa ba ne, 'yan ƙasa ne. Amma kakanninmu sun ga yadda ciniki na baki ya watse cikin mako biyu, kuma gadon da ya fi dacewa mu bar wa na baya shi ne gida mai takarda da yardar masu ƙasa.