Awon Ɗanyen Mai a Sudan: Tarihin Wata Taƙaddama

Abu Hujar gari ne a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinja, cikin jihar Sennar ta ƙasar Sudan. Yana cikin yankin da Hausawa da Fulani suka zauna tun farkon ƙarni na 20, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin Maiurno kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, da yawa daga cikin waɗannan baƙi suka zama 'yan ƙwadago a can. A gonakin nan komai da awo ake yin sa: ruwan da ake saki cikin magudanai, da audugar da ake ɗorawa a sikeli kafin a raba riba tsakanin manomi da gwamnati da kamfani. Wanda ke riƙe da ma'auni shi ke faɗar rabon kowa. Haka abin ya kasance da aka zo kan man fetur.

Rijiyoyin man da suka shafi wannan tarihi suna kudu maso yamma da Abu Hujar, a yankin Melut da ke bakin Farin Nilu, da kuma can yamma a Heglig da Bentiu. Kamfanin Chevron na Amurka ne ya fara gano mai a ƙarshen shekarun 1970, amma ya dakatar da aiki a 1984 bayan an kashe ma'aikatansa uku a wani hari. Sai a 1999 Sudan ta fara fitar da mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 1,600 zuwa Bahar Maliya. A 2006 aka buɗe bututu na biyu daga Paloch, wanda ya bi ta Jabalain.

Abin da ke fitowa daga bakin rijiya ba mai ba ne zalla. Gauraye yake da ruwan gishiri da iskar gas. Don a san yawan kowanne, akan karkatar da rijiya guda zuwa cikin wani babban tanki na ƙarfe, a bar abin ya kwanta. Gas ya tashi sama, ruwa ya sauka ƙasa saboda ya fi nauyi, mai kuma ya tsaya a tsakiya. Kowanne na da tasa ƙofar fita da mitar da ke ƙirga shi. Ba kullum ake yi wa kowace rijiya wannan gwaji ba. Daga lokaci zuwa lokaci ne, sauran kwanakin kuwa ƙiyasi ake yi. Akwai na'urorin zamani da ke auna ukun gaba ɗaya a cikin bututu ba tare da an raba su ba, sai dai su ma sai an riƙa daidaita su. Kuma rijiya tana tsufa, ruwanta na ƙaruwa, har ya kan fi man yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka idan aka ce ganga dubu, dole a tambaya: kafin a cire ruwan ne, ko bayan an cire? Ganga ɗaya dai lita 159 ce.

Wannan tambaya ta zama ta siyasa bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005. An amince cewa jihar da aka haƙo man a cikinta za ta sami kashi 2 cikin 100, sauran kuɗin man rijiyoyin kudu kuma a raba biyu tsakanin Khartum da Juba. Amma alƙaluman suna hannun Khartum, Juba ba ta da hanyar tantance su. A 2009 ƙungiyar Global Witness ta kwatanta alƙaluman gwamnati da na kamfanin CNPC na ƙasar Sin, ta ga na gwamnati sun gaza da kashi 9 zuwa 26 cikin 100. Gwamnati ta amsa cewa kamfanoni suna lissafi ne har da ruwan da ke cikin man. Amsar tana iya yiwuwa a ilmance, amma amsa ce da ba ta gamsar da wanda bai ga mitar da idonsa ba, kuma ba ta gamsar da 'yan kudu ba.

A ranar 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man, bututu da tashar jiragen ruwa kuwa suka rage a arewa. Rigima ta koma kan kuɗin wucewar kowace ganga. A Janairun 2012 Juba ta rufe rijiyoyinta baki ɗaya, tana zargin Khartum da kwashe mata mai, kuma ba a sake buɗe su ba sai a 2013. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kai har Sinja a 2024. A wannan shekarar man Paloch, mai kauri ne da sai an ɗumama shi yake gudana, ya daskare a cikin bututu, aikin ya tsaya har zuwa 2025.