Injin CNC mai layin motsi huɗu

Injin CNC mai layin motsi huɗu nau'in inji ne na sassaƙa ƙarfe ko katako ko roba wanda kwamfuta ke sarrafawa. Bayan motsin da injin CNC na yau da kullum yake yi ta fuskoki uku, an ƙara masa layi na huɗu wanda yake juya abin da ake sassaƙawa. Wannan ƙarin yana ba wuƙar injin damar isa gefen aikin da bayansa ba tare da an kwance shi an sake ɗaurewa ba.

Tarihi

Tunanin sarrafa injin sassaƙa da lambobi ya samo asali ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, daga aikin John T. Parsons, wanda yake ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu. A shekarar 1952 Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, ta nuna injin sassaƙa da ke karɓar umarni daga tef mai huda-huda, da tallafin rundunar sojan sama ta Amurka. Daga baya kwamfuta ta maye gurbin tef, aka kuma daidaita harshen umarnin da aka sani da G-code, wanda ke cikin ƙa'idar ISO 6983.

Layukan motsi

Injin mai layi uku yana tafiya hagu da dama a layin X, gaba da baya a layin Y, sama da ƙasa a layin Z. Layukan juyi kuwa ana kiransu A da B da C: A yana zagaye X, B yana zagaye Y, C kuma yana zagaye Z. Ana auna motsinsu da digiri, ba da milimita ba.

A injin da wuƙarsa ke kallon ƙasa, layi na huɗu galibi A ne. Na'ura ce da ake ɗaurawa a kan teburin injin, mai muƙamuƙan da ke riƙe aikin ta gefe ɗaya. Idan aikin dogo ne, akan tokare ɗaya gefen da tsinin ƙarfe don kada ya lanƙwashe. A injin da wuƙarsa ke kwance kuwa, teburin ne da kansa yake juyawa a layin B.

Hanyoyin aiki

Akwai hanyoyi biyu. A ta farko, injin yana juya aikin zuwa wata kusurwa, misali digiri 90, ya kulle shi da birki, sannan ya yi yanka. Da haka ake sassaƙa fuskoki huɗu na dunƙulen ƙarfe a ɗauri ɗaya. A ta biyu, aikin yana juyawa a lokacin da wuƙa ke tafiya, wanda shi ke fitar da siffa mai murɗe kamar ramin jikin bakin dirili.

Hanya ta biyu ta fi wahalar tsarawa, domin digiri ɗaya ba tsawo ɗaya yake nufi a kowane aiki ba. A sanda mai kaurin milimita 100, digiri ɗaya kusan milimita 0.87 ne a jikinta, amma a mai kaurin milimita 20 bai wuce kusan 0.17 ba. Saboda haka masu tsara shiri kan yi amfani da umarnin G93, wanda ke faɗa wa injin lokacin da kowane motsi zai ɗauka, maimakon G94 mai ƙayyade tsawon tafiya a minti ɗaya.

Amfani

Babbar ribarsa ita ce rage yawan ɗauri. Duk lokacin da aka kwance aiki aka juya shi da hannu, yakan ɗan goce daga inda yake, sai ramukan fuska ɗaya su ƙi dacewa da na ɗaya fuskar. Ɗauri ɗaya yana kawar da wannan, yana kuma rage lokaci. Ana amfani da injin wajen ƙera giya da sandunan injin mota da sassan jiragen sama. Kafintoci na amfani da irinsa na katako, wanda ake kira rauta, wajen sassaƙa ƙafafun kujeru da ginshiƙan matakala da zane a jikin abu mai zagaye.

Matsaloli

Dole ne a gano tsakiyar juyin daidai. Idan aka kuskure ta da milimita 0.1 a layin Z, kaurin da ke tsakanin fuskoki biyu masu ba juna baya zai kauce da milimita 0.2, domin kuskuren yana faruwa a kowace fuska. Haka kuma idan haƙoran giyar da ke juya na'urar suka ci, sukan bar ɗan sako-sako da ke bayyana yayin da juyi ya sauya hanya. Na'urar tana kuma cin wuri a kan tebur, kuma wuƙa na iya karo da muƙamuƙanta idan ba a gwada shirin a kwamfuta tukuna ba.

Layi na huɗu yana juya aiki ta fuska ɗaya kawai. Siffofi masu lanƙwasa ta ko'ina, kamar wasu fukafukan injin jirgi, suna buƙatar inji mai layi biyar, wanda ke da layukan juyi biyu.